Fiyano Ɗaya, Makaɗa 16: Yadda Za Ka Fara Haɗa Kiɗa Da Sikwensa Da MIDI

Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyon waƙa a Kano, a Titin Gidan Zoo ne ko a wata unguwa, ya san yadda abin yake: ɗaki ƙarami, mawaƙi a tsaye da takarda ko waya a hannu, sai mutum ɗaya zaune gaban fiyano. Kafin a jima sai ka ji ganga na tashi, bes na gurnani, sarewa na amsawa, kai ka ce makaɗa goma ne a ɗakin. Tun cikin shekarun 1990 da situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, a haka ake haɗa kiɗan waƙoƙin finafinai da na biki masu yawa.

Abin da ke ba mutum ɗaya wannan dama abu biyu ne da ke cikin fiyanon: sikwensa da MIDI. Matasa da yawa na tara kuɗi su sayi fiyano na hannu, su iya danna salon kiɗan da kamfani ya zuba a ciki, su tsaya nan. Ranar da suke son kiɗa nasu na kansu, sai sun sake biyan kuɗin situdiyo, alhali injin da zai yi aikin na jingine a ɗakinsu. Wasu kuma sun gwada, sun kwana suna haɗawa, aka ɗauke wuta, komai ya tafi. A wannan maƙala za mu bi abin daki-daki, daga ma'anar kalmomin har zuwa haɗa fiyano da wayar da ke hannunka.

Wane fiyano ake nufi?

Ba kowane fiyano ne ke da cikakken sikwensa ba. Wanda muke magana a kansa shi ne wanda ya haɗa abu uku a jiki ɗaya: ɗaruruwan muryoyin kayan kiɗa, na'urar gyaran sauti, da wurin ɗaukar kiɗa layi-layi. Wanda ya fito da wannan tsari fili shi ne Korg M1 na shekarar 1988, mai layi 8. Daga baya aka samu irin su Yamaha Motif a 2001, da Korg Kronos a 2011, da jerin Roland Fantom. Akwai kuma masu salon kiɗa na kai-tsaye, waɗanda da ka danna maɓallan hagu za su tayar maka da ganga da bes, kamar Yamaha PSR-S da PSR-SX da Korg Pa. Su ne suka fi yawa a wajenmu, kuma manyan cikinsu na ɗaukar kiɗa a layi 16.

Duba fuskar naka. In ka ga madannin da aka rubuta wa Song, ko Seq, ko Rec, to akwai abin ɗaukar kiɗa a ciki. Juya bayansa kuma: in akwai ramuka masu zagaye da aka rubuta wa MIDI IN da MIDI OUT, ko rami mai kusurwa huɗu irin na firinta, to zai iya magana da wasu na'urori.

MIDI ba sauti ba ne

Wannan shi ne abu na farko da ke rikita masu farawa. Idan ka naɗi murya a WhatsApp, wayar na adana sautin ne kansa. MIDI kuwa umarni kawai yake adanawa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe, kuma yaushe aka sake shi. Ka ɗauke shi kamar takardar da ka rubuta wa mai girki yadda ake miyar kuka. Takardar ba miya ba ce, kuma daɗin miyar ya danganta da kayan da ke kicin ɗin wanda ya karɓa.

Kowane maɓalli na da lamba daga 0 zuwa 127. Maɓallin C na tsakiyar fiyano shi ne lamba 60. Ƙarfin dannawa ma ana auna shi har zuwa 127: ka taɓa a hankali ya ba da kamar 40, ka buga da ƙarfi ya haura 110. Haka sauran abubuwa suke da lambobinsu, misali ƙarar layi na tafiya ne ta saƙo mai lamba 7, karkata sauti hagu ko dama ta lamba 10, abin takawa na jan sauti ta lamba 64.

Amfanin wannan tsari babba ne. Tunda umarni ne, kana iya sauya fiyano ya koma jita bayan ka gama bugawa. Kana iya rage sauri ko ƙara shi ba tare da sautin ya lalace ba. In mawaƙiya ta zo ta ce kiɗan ya yi wa muryarta sama, sai ka sauke shi ta Transpose cikin daƙiƙa kaɗan, ba sai an sake bugawa ba. Ga kuma sauƙin data: minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD na cin kusan MB 10, na MP3 na cin kusan MB 1, amma waƙa sukutum a fayil ɗin MIDI sau da yawa ba ta kai KB 100 ba.

Daga ina aka samo shi?

Kafin 1983, na'urorin kiɗa na kamfanoni daban-daban ba sa jin yaren juna. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa Roland a Japan, su ne kan gaba wajen samar da yare ɗaya, tare da Yamaha da Korg da Kawai. A watan Janairun 1983, a baje kolin kayan kiɗa na NAMM a jihar Kalifoniya, aka haɗa Prophet-600 da Roland Jupiter-6 da waya ɗaya, aka danna wannan, wancan ya amsa. A 2013 aka ba mutanen biyu lambar yabo ta Grammy ta ɓangaren fasaha saboda wannan aiki.

A 1991 aka ƙara wata yarjejeniya mai suna General MIDI, wadda za ka ga tambarinta GM a jikin fiyano da yawa. Ita ce ta jera muryoyi 128 da lambobinsu, ta yadda lamba 1 fiyano ce a kowace na'ura mai bin tsarin. Roland ya faɗaɗa jerin da nasa mai suna GS, Yamaha ya yi XG. An sanar da MIDI 2.0 a 2020, amma tsohon tsarin na nan daram, shi ne kuma ke cikin kusan duk fiyanon da za ka samu a kasuwa.

Tashoshi 16

MIDI na aika saƙo ta tashoshi 16. Kamar rediyo ne: kowace murya na sauraron tasharta, ba ruwanta da abin da ake faɗa a sauran. Saboda haka kowane layi a sikwensa sai ka ba shi tasha ɗaya da murya ɗaya. A tsarin GM, tasha ta 10 ta ganguna ce. A can kowane maɓalli ganga ce daban: lamba 36 babbar ganga mai dum, 38 ƙaramar ganga mai tas, 42 farantin ƙarfe mai cik-cik.

Ka yi wa kanka tsari ɗaya ka riƙe shi a duk waƙoƙinka. Misali, 1 fiyano, 2 bes, 3 jita, 4 sarewa, 5 goge, 10 ganguna. Bayan wata shida in ka buɗe tsohon aiki, ba sai ka tsaya lalube ba. Masu PSR su lura cewa idan aka ɗauki kiɗa tare da salon kai-tsaye, salon na mamaye tashoshi 9 zuwa 16, abin da ka buga da hannunka kuma na zama a na farko-farko.

Kiɗanka na farko, mataki-mataki

Sunayen madannai na bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma hanyar ɗaya ce. Kada ka fara da waƙa cikakkiya. Fara da gaɓa 8 kawai, kowace gaɓa bugu 4. A saurin bugu 120 a minti, gaɓa ɗaya daƙiƙa 2 ce, ka ga aikinka na farko daƙiƙa 16 ne kacal.

1. Buɗe sabuwar waƙa. Shiga Song ko Seq ka zaɓi wurin da babu komai.

2. Saita sauri. In abin da kake son bugawa ya fi ƙarfin yatsunka, sauke shi zuwa 80 ko 90. Daga baya ka mayar da shi 120, babu wanda zai gane.

3. Kunna Metronome, wato ɗan tik-tik ɗin da ke ƙirga maka bugu. Sa shi ya ƙirga gaɓa ɗaya ko biyu kafin ɗauka ta fara, don ka shirya hannu.

4. Fara da ganguna a tasha ta 10. Ba dole ka buga duka lokaci guda ba. Akwai tsarin ɗauka iri biyu: Replace na goge abin da ke layin ya sa sabo, Overdub kuma na ɗora sabo a kan tsoho. Zaɓi na biyun, ka sa babbar ganga a zagayen farko, ƙarama a na biyu, farantin ƙarfe a na uku.

5. Koma layi na 2 ka sa bes. Kafin ka danna Rec, tabbatar layin ganguna ya koma kan saurare. Mantawa da wannan shi ne ya fi cinye wa sababbin hannu aiki.

6. Ɗora fiyano ko jita, sannan sarewar da za ta ja waƙar.

7. Adana. Yanzu, ba anjima ba.

Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna na iya amfani da Step Record. A nan babu gaggawa: ka zaɓi tsawon sauti, ka danna maɓalli, injin ya matsa gaba ya jira ka, kamar kana rubuta saƙo harafi-harafi. Yana da kyau ga ganguna da bes, sai dai kiɗan kan fito a sandare in ba ka bambanta ƙarfin bugun ba.

Da gaɓa 8 ɗin sun zauna, sai ka kwafe su. Waƙar minti 3 a saurin 120 gaɓa 90 ce, kuma mafi yawanta maimaici ne. Ka haɗa yanki ɗaya na baiti, ɗaya na amshi, ɗaya na buɗewa, sannan ka jera su. A inda mawaƙi zai shiga, rage kayan kiɗa don muryarsa ta samu wuri. A amshi ka dawo da su.

Quantize: magani ne, amma da awo

Babu mai bugawa daidai da agogo ɗari bisa ɗari. Quantize na jan kowane sauti zuwa gurbin lokaci mafi kusa da shi. In ka zaɓi 1/8, an raba gaɓa gida 8, in 1/16 ne gida 16. Ƙa'idar ita ce ka zaɓi wanda ya dace da mafi gajeren sautin da ka buga. Ka buga abu mai sauri ka sa 1/8, sautuka biyu za su haɗu a gurbi ɗaya su cakuɗe.

Akwai wani tarko da ya shafe mu kai tsaye. Kiɗanmu da yawa, musamman mai tafiyar kalangu da na rawar biki, bugunsa na rabuwa gida uku ne, ba biyu ko huɗu ba. In ka sa masa 1/16 na yau da kullum, zai karya masa ƙugu, ka ji yana ɗingishi. Nemi zaɓin da ke da ƙaramin 3 ko harafin T a gefe, kamar 1/8T, wasu injinan kuma na rubuta shi 1/12. Sannan in injinka na da wurin rage ƙarfin gyaran, kada ka bar shi a 100. Sa shi tsakanin 60 da 80, kuskuren ya ragu amma a ji hannun mutum. Ganguna da bes sun fi buƙatarsa, sarewa da goge kuwa sau da yawa gara a bar su yadda aka buga.

In kuskuren sauti ɗaya ne, ba sai ka sake layin duka ba. Punch In na ba ka damar sake gaɓa ɗaya ko biyu kawai. Akwai kuma jerin da ke nuna kowane sauti da lambarsa da ƙarfinsa, inda za ka nemo wanda ya kauce ka gyara shi ko ka goge.

Haɗa fiyano da waya

Allon yawancin fiyano ƙarami ne, gyara a cikinsa na gajiyar da ido. A nan waya ke shigowa. Android na karɓar MIDI tun daga Android 6.0 na 2015, iPhone kuma tun kafin nan. Abin da kake buƙata shi ne wayar USB irin ta firinta da ɗan abin haɗi na OTG wanda ya dace da ramin cajin wayarka. Masu iPhone mai ramin Lightning na buƙatar abin haɗin Apple na kyamara, daga iPhone 15 zuwa sama kuwa USB-C ne.

A fiyanon Yamaha da yawa ramukan USB iri biyu ne, kada ka rikita su. TO HOST na waya da kwamfuta ne, TO DEVICE na fulashi ne. Yamaha na ba da shawarar wayar haɗin kada ta kai mita 3. In fiyanonka tsoho ne mai ramuka masu zagaye kaɗai, sai ka nemi wayar da ke mayar da MIDI zuwa USB. Ka tuna, OUT na shiga IN ne, IN kuma na shiga OUT. Yawancin masu cewa wayar ba ta aiki sun haɗa ta ne a juye.

Manhajojin da ke karɓar MIDI sun haɗa da BandLab, wadda ake saukewa kyauta, da FL Studio Mobile da Cubasis na kuɗi, sai GarageBand ga masu iPhone. A cikinsu za ka ga kiɗanka a zane, kowane sauti ɗan sanda ne da za ka ja da yatsa, ka tsawaita, ka matsar ko ka goge. Kana iya buga fiyano sautin ya fito daga muryoyin manhajar, a waɗanda ke iya aika MIDI waje kuma kana iya barin waya ta riƙe kiɗan, fiyano ya riƙa fitar da sauti.

Matsalolin da za ka ci karo da su

Waya ba ta ga fiyano ba: wasu wayoyin sai an kunna OTG a cikin saituna, wasu ma na kashe shi da kansu in an jima ba a yi amfani da shi ba. Kunna fiyano, haɗa waya, sannan ka buɗe manhaja.

Sauti na fitowa biyu-biyu: fiyano na buga sautin da kansa, manhajar kuma na dawo masa da shi ya sake bugawa. Nemi Local Control a saitunan MIDI ka kashe. In ka gama ka tuna ka kunna, in ba haka ba gobe za ka danna maɓalli ka ji shiru, ka ɗauka fiyano ya lalace.

Sauti na makara: tsohuwar wayar MIDI na tafiya da bit 31,250 a daƙiƙa, saƙon danna maɓalli ɗaya bai cika kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, don haka ba daga nan jinkirin yake ba. Yawanci daga wayar salula ne ko daga abin kunne na Bluetooth. Yi amfani da abin kunne mai waya, ka rufe sauran manhajoji, ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kira kada ya katse maka ɗauka.

Na'urori biyu ba sa tafiya tare: in fiyano na buga ganguna, waya na buga sauran, dole ɗaya ya zama jagora. Jagoran na aika alamar lokaci sau 24 a kowane bugu. Bar shi a Internal, mai bi kuma ka sa shi a External.

Wasu sautuka na yankewa: kowane fiyano na da iyakar sautukan da zai iya fitarwa lokaci guda, wani 32, wani 64, wani 128. In layuka sun yi yawa, sabon sauti na kashe tsoho. Rage taka abin jan sauti, ka cire layin da ba ya ƙara komai.

Adanawa da turawa

A fiyano da yawa, kiɗan da ka ɗauka na zaune ne a ma'ajiyar wucin gadi har sai ka adana shi da hannunka. Wuta ta ɗauke, ko janareto ya shaƙe, shi ke nan. Ka saba da adanawa bayan kowane layi, kuma da sabon suna: waƙa1, waƙa2, waƙa3, ta yadda in gyara ya ɓata aiki kana da inda za ka koma. Fulashi ya kasance a tsarin FAT32, ko ka bar fiyanon ya tsara shi da kansa, amma ka sani tsarawar na goge duk abin da ke ciki. Kada ka zare shi yayin da ake rubutu a kansa. Ƙaramin UPS zai ba ka mintunan da za ka adana kafin komai ya mutu.

Wajen turawa, fayil mai ƙarewa da .mid shi ne kowa ke iya buɗewa. Iri biyu ne aka fi sani: Format 0 na cusa komai a layi ɗaya, Format 1 na barin layukan a rarrabe, shi ya fi sauƙin gyara a kwamfuta. A WhatsApp ka tura shi a matsayin takarda. Sai dai kada ka yi mamaki in abokinka ya buɗe ya ji sarewarka ta koma wani abu daban. Umarnin ne ya je masa, muryoyin na cikin fiyanonka. In ka tsaya kan muryoyin GM bambancin zai ragu, amma a cikin 128 ɗin nan akwai sitar ta Indiya da koto ta Japan da kalimba, babu kalangu, babu kuntigi, babu gurmi. In kana son ainihin sautinsu, sai dai a naɗi makaɗi na gaske a ɗora a kai. Haka ma muryar mawaƙi, MIDI ba ya ɗaukarta.

Don haka duk waƙar da ka gama, ka fitar da ita kashi biyu: sauti na WAV ko MP3 don masu saurare, da fayil ɗin MIDI don kanka. Na biyun kada ka raba shi barkatai. Wanda ya samu MP3 ya samu waƙa ne kawai, wanda ya samu MIDI kuwa ya samu kowane layi da ka buga, yana iya sauya muryoyi ya ce nasa ne. Hakan ya shafi wanda kai ma ka sauko da shi daga intanet: ya dace da koyo, ka buɗe ka ga yadda aka jera bes da ganga, amma kiɗan na mai shi ne.

Kafin ka rufe wannan shafi, ga aikin mako ɗaya: gaɓa 8, layi 4, ganga da bes da fiyano da sarewa. Ka adana a fulashi, ka buɗe a waya, ka sauya muryar layi ɗaya, ka ƙara sauri da 10, ka saurari bambancin. In ka iya wannan, ranar da za ka shiga situdiyo da fulashinka za ka shiga, kuɗin da za ka biya na ɗora murya da tace sauti ne kawai.